Canza kayan sitiyarin mota da hannunka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da abokai da maƙwabta suka sha yi mini a Birnin Kebbi, tun da suka saba ganina zaune a gindin motata a ƙofar gida ina taɓa ƙafarta da kaina. Na fi mayar da hankali kan ƙananan motocin da suka cika titunanmu, wato Corolla da Camry da Accord da Golf, domin tsarin sitiyarinsu kusan iri ɗaya ne. A cikin kayan sitiyari akwai wanda mai mota zai iya canzawa da kansa idan ya natsu, akwai wanda gareji ne wurinsa, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ake yi wa dabara bayan ya mutu.

Waɗanne kaya ake nufi idan an ce kayan sitiyari?

Idan ka murɗa sitiyari, sandar da ke ƙarƙashinsa tana juya wani ɗan ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya tura wani dogon ƙarfe da ke kwance tsakanin ƙafafun gaba zuwa dama ko hagu. Wannan dogon ƙarfe da gidansa shi ne kanikawa suke kira rak. A kowane bakinsa akwai sanda da ake kira tayirod na ciki, wadda kanta yake ɓoye cikin roba mai lanƙwasa kamar zugazugi, a ƙarshen sandar kuma akwai tayirod na waje, wanda shi ne yake riƙe da ƙarfen ƙafa, inda taya take ɗaure. A ƙasan wannan ƙarfen ƙafa akwai boljoyin, wanda a kansa ƙafar take juyawa kamar yadda ƙofa take juyawa a kan maratayinta.

Tayirod da boljoyin gininsu ɗaya ne: ƙwallon ƙarfe ne da bai wuce girman goro ba, zaune a cikin kwasfa mai shimfiɗar roba mai tauri, an cika shi da giris, an rufe shi da 'yar hular roba. Duk nauyin juya mota mai ɗauke da mutum biyar da kayansu, a kan waɗannan ƙwallaye yake.

Ta yaya zan gane sun lalace?

Mota tana faɗa tun kafin ta gaza. Za ka ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa idan ka shiga ƙananan ramuka ko ka hau tudun rage gudu, ko ka ji sitiyari ya yi sako-sako, kana murɗa shi kaɗan amma ƙafa ba ta amsa ba, ko motar ta riƙa yawo a kan miƙaƙƙen titi kana ta gyara mata hanya. Taya ma shaida ce. Shafa tafin hannunka a kan tayar gaba daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ka ji santsi ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma ka ji kamar haƙoran zarto, ko ka ga gefe ɗaya ya cinye ya bar sauran, to ƙafafun ba sa kallon wuri ɗaya.

Gwajin da ya fi tabbatarwa shi ne a ɗaga ƙafar a riƙe taya da hannu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a girgiza ta da sauri. Idan akwai wasa, tayirod ne ake zargi. Sannan a riƙe ta sama da ƙasa a sake girgizawa. Wasa a nan ya fi nuna boljoyin ko boris ɗin ƙafa, wanda taya take juyawa a kansa. Don a raba su, sa wani ya taka birki ka sake gwadawa: idan wasan ya ɓace, boris ne, idan yana nan, boljoyin ne. Mutum biyu sun fi ɗaya a wannan aiki, domin yayin da ɗaya yake girgiza taya, ɗayan zai ɗora yatsunsa a kan tayirod na waje, sannan ya matse robar rak ya laluba na ciki, kuma yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani.

Me ya sa waɗannan kaya ba sa jimawa a wurinmu?

Mutane sukan ɗora laifin duka a kan ramukan hanya, kuma ramuka suna da nasu kaso, amma abin da na fi gani da idona shi ne roba ce take fara mutuwa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, ga zafin kwalta, ga na birki da yake kusa da ita, sai robar ta bushe ta tsage. Da zarar ta tsage, ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Da damina kuma wanda yake zuwa gonarsa ta shinkafa a fadamar Argungu ko Suru zai ratsa ruwa da laka, ruwan ya shiga ya wanke giris, tsatsa ta biyo baya.

Na taɓa yanka robar wani tayirod da na cire daga motata don in ga abin da ke ciki. Giris ɗin da ya kamata ya zama mai santsi ya koma ja-ja kamar kwaɓin jar ƙasa, kuma da na murza shi tsakanin yatsu biyu sai na ji tsakuwa-tsakuwa. Wannan kwaɓin ne yake goge ƙwallon da kwasfarsa duk lokacin da aka murɗa sitiyari, dare da rana, har ƙwallon ya fara rawa a gidansa. Tsagar da ta jawo haka ba ta kai tsawon farce ba.

Sai kuma lodi. Ƙaramar motar da aka danƙara wa buhunan albasa daga Aliero ko shinkafa har bayanta ya zauna, idan ta faɗa rami a hanyar Jega zuwa Koko, bugun da ƙafarta take sha ya ninka wanda masu ƙera ta suka yi lissafi. Saboda haka duk lokacin da za ka yi juyen mai, ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka leƙa bayan taya ka dubi robobin nan. Minti biyu ne, kuma shi ne abu mafi amfani a cikin duk abin da na rubuta a nan.

Wanne zan iya canzawa da kaina, wanne zan kai gareji?

Tayirod na waje shi ne aikin mai koyo, kuma wanda ya iya canza taya da birki zai iya shi. Robar rak ma ba ta da wuya idan an riga an cire na waje. Tayirod na ciki yana buƙatar sifana ta musamman mai kama da dogon bututu, kuma idan aka murɗa shi da ƙarfi ba tare da an riƙe rak ba ana iya ɓata haƙoransa, don haka sai wanda hannunsa ya faɗa. Boljoyin ya danganta da mota: a Corolla da Camry ɗaure shi ake yi da kusoshi, ko da yake sau da yawa sai an kawar da shaf, wato sandar da take kawo ƙarfin inji ga taya, kafin a kai ga notin samansa, a Accord kuwa matsa shi ake yi cikin ƙarfen ƙafa da na'urar matsi. Rak kansa da famfon sitiyari aikin gareji ne. Idan ba ka da kayan aikin da ya dace, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Jak, da madogarin ƙarfe mai ƙafafu da ake ajiye mota a kansa, da sifanoni masu lamba 14 da 17 da 19 da 22, da filaya, da buroshin waya, da man fesawa mai narkar da tsatsa, da alli ko fenti don yin alama, da ɗan ƙarfen nan mai sukurori da ake fitar da kan tayirod da shi. Idan da hali, a samu sifana mai ma'auni wadda take nuna iyakar ƙarfin ɗauri.

Maganar madogari ba ta wasa ba ce. Jak ɗin da yake zuwa da mota don canza taya aka yi shi, kuma yawancin ƙofar gidajenmu yashi ne ko ƙasa mai laushi da jak yake nutsewa a cikinta. Bulon siminti kuwa yana fashewa ne lokaci ɗaya ba tare da gargaɗi ba. A nemi wuri mai daɓe, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi, sannan a tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen motar domin ta zama kariya ta biyu.

To, yaya ake canza tayirod na waje daki-daki?

Ka sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, ka ɗaga ta, ka ɗora ta a kan madogari, ka cire tayar. Murɗa sitiyari yadda tayirod ɗin zai fito fili, ka goge zaren sandar da buroshi, ka fesa mai ka ba shi ɗan lokaci ya ratsa.

Abu na farko da za ka kwance shi ne notin da yake bayan tayirod, wanda yake kulle shi a jikin sanda, kuma ka yi haka tun kansa yana maƙale a ƙarfen ƙafa, domin a lokacin ne yake da abin da zai riƙe shi. Kada ka kai notin nesa. Ka karya ƙarfinsa kawai, ka bar shi kusa da inda yake, ka yi alama da fenti a kan zaren. Wannan alama ita ce take riƙe maka saitin ƙafar.

Daga nan sai ka koma kan notin da yake riƙe da shi a ƙarfen ƙafa. A motocin Japan da yawa notin yana da tsage-tsage a kansa kamar rawanin ganuwa, an zura fil mai ƙafa biyu ta cikinsa; ka miƙe ƙafafun fil ɗin da filaya ka zare shi, sannan ka kwance notin. Kan tayirod ba zai fita da kansa ba, domin wuyansa tsukakke ne ta sama, ya ciji raminsa. A nan ne za ka sa ƙarfen fitarwa ka riƙa ɗaure sukurorinsa a hankali, har ka ji ya yi ƙara ya saki.

Yanzu ka warware tsohon daga jikin sanda, kana ƙirga zagayen da ya yi kafin ya fita, har da rabin zagaye, kuma ka rubuta adadin a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Ka jera tsohon da sabon a ƙasa ka gwada tsawonsu daga tsakiyar ƙwallo zuwa baki, domin idan kamfanoninsu sun bambanta tsawon na iya bambanta, kuma a nan ƙirgen zagaye kaɗai ba zai isa ba. Ka duba ko akwai alamar dama da hagu a jikinsu, domin a motoci da yawa na kowane ɓangare lanƙwasarsa daban ce. Ka ɗaura sabon da adadin zagayen da ka rubuta, ka goge ramin ƙarfen ƙafa ya bushe, ka zura wuyan ba tare da ka shafa masa giris ba, ka ɗaure notin.

A yawancin Corolla da Camry ana ɗaure wannan noti da ƙarfin Nm 49 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da sifana mai ma'auni take nunawa), notin kulle na baya da Nm 74, notocin taya kuma da Nm 103, amma kowace mota da nata adadin a littafinta. Idan ka gama ɗauri ka ga ramin fil bai yi daidai da tsagar noti ba, ƙara ɗaurewa kaɗan ake yi har su haɗu, ba a sassautawa. Ka sa sabon fil ka lanƙwasa ƙafafunsa. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba sa maye gurbinsa.

Ya ƙi fita. In buga masa guduma?

Idan babu ƙarfen fitarwa, ana iya buga gefen kunnen ƙarfen ƙafa, wato naman ƙarfen da ya kewaye ramin, da guduma mai nauyi, bugu mai kaifi sau biyu ko uku, bayan an mayar da notin sama-sama don kada ya yi tsalle. Girgizar ce take sa wuyan ya saki. Ba a bugun kan zaren kai tsaye, domin yana buɗewa ya ƙi ratsa ramin, kuma idan ƙarfen ƙafar na alminiyam ne, guduma ba ta zuwa kusa da shi sam.

Akwai kuma akasin wannan matsala, inda wajen ɗauri wuyan yake juyawa tare da noti. Wannan ya fi faruwa a motoci irin su Golf masu noti mai kulle kansa. Wasu suna da ramin alanki a tsinin wuyan da ake riƙe shi da shi. Idan babu, a danna tayirod ɗin cikin raminsa da ƙarfi har wuyan ya ciji, sannan a ɗaure.

Ɗaya ne ya lalace. Dole ne in canza biyu?

Ba dole ba ne idan ɗayan ba shi da wasa kuma robarsa lafiya take. Sai dai hanya ɗaya suka bi tare, kuma kowane canji yana jawo kuɗin saitin ƙafa, shi ya sa ni nakan canza su tare.

Sabo zan saya ko na Beljiyam?

A inji ko ƙofa ko fitila, kayan Beljiyam suna da ma'ana. A tayirod da boljoyin kuwa kana sayen abin da wani ya riga ya ci rabin ransa ne, kuma ba ka da hanyar leƙa cikinsa. Na fi son sabo daga kamfanin da aka sani, irin su 555 na Japan, ko CTR na Koriya ta Kudu, ko Lemförder na Jamus ga masu Golf. Matsalar ita ce sunan da ya yi fice shi ake kwaikwaya, kuma kwali ba shaida ba ne. Na taɓa sayen wani a wani shago, kwalinsa tsaf, amma kafin damina ta fita robarsa ta tsattsage, na sake biyan kuɗin kaya da na saiti. Araha ba ta ado.

Ka fito da shi daga leda ka gwada shi a gaban mai shago. Sabon ƙwallo mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfin hannu sosai kafin ya karkata, kuma yana tafiya sumul ba tare da cijewa ba. Wanda yake lilo da yatsa ɗaya, ko zarensa yake da kaushi, ko robarsa take da ƙyalli da tauri kamar leda, ka mayar masa da abinsa. Ka tafi da tsohon da kuma lambar shasin motar, ko a nan gida za ka saya ko saƙo za ka yi zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, domin mota ɗaya mai shekara ɗaya tana iya zama ƙirar Amurka ko ta Turai, kayansu kuma su bambanta.

Wani ya ce zai daddake mini tsohon ya matse, ko ya yi masa walda. Ya halatta a gwada?

A'a. Idan aka daddaki gindin kwasfa, ko aka cusa mata leda ko guntun roba, wasan yana ɓacewa na 'yan kwanaki, amma ƙwallon da ya goge yana nan a goge, bakin kwasfar da yake hana shi fita kuma an ƙara raunana shi. Wutar walda tana narkar da shimfiɗar ciki, tana kuma canza ƙarfin ƙarfen. Haka nan sandar da ta lanƙwashe bayan an daki dutse ko gefen kwalbati, ba a gasa ta a miƙe, canza ta ake yi. Idan tayirod ya rabu mota tana gudu, tayar wannan ɓangare ba ta tare da sitiyari kuma, za ta juya inda ta ga dama, kuma babu ƙwarewar direba da take gyara wannan a kan hanyar Yauri da tirela tana tahowa.

Me ya sa ake yawan ganin Honda ta durƙusa a gefen titi ƙafa ta fita?

Accord ta kafin 2013 tana da hannayen ƙarfe biyu da suke riƙe da kowace ƙafar gaba, na sama da na ƙasa, kuma shokozoba a kan hannun ƙasa yake sauke nauyin motar. Wannan nauyi yana jan boljoyin na ƙasa ne kamar mai son zare ƙwallon daga kwasfarsa, saboda haka ranar da ya gama cinyewa, fita yake yi gaba ɗaya. Nauyin nan kuma yana ɓoye wasan, shi ya sa wajen gwaji ake sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa, a zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga ana kallon boljoyin ɗin. Mai irin wannan mota da ya ji ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa idan yana murɗa sitiyari a tsaye, kada ya ɗaga tafiya gareji zuwa gobe.

Na ƙirga zagaye daidai. Sai na je saitin ƙafa kuma?

Sai ka je. Ƙirgen zagaye yana kai ka wurin masu alaimen lafiya ne kawai, domin saitin ƙafa da milimita ake auna shi, kuma kuskuren rabin zagaye ya isa ya sa taya ta riƙa jan gefe a kan kwalta duk tsawon tafiya. Kuɗin saiti bai kama ƙafar kuɗin taya biyu ba. Kafin a fara, ka tabbatar iskar tayoyin daidai take, an kuma tsayar da sitiyari a tsakiya an kulle shi, kuma ka lura cewa ta ɓangarorin biyu ake gyarawa. Wanda ya murɗa ɓangare ɗaya kawai zai bar maka sitiyari a karkace. Ka duba robar rak bayan an gama, domin takan murɗe idan an juya sanda ba a sassauta ɗaurinta ba.

Sitiyari yana kuka kuma ya yi nauyi. Tayirod ne?

Yawanci ba shi ba ne. A motoci masu man sitiyari, kuka yana nufin man ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko bel ya saki. Idan ka matse robar rak ka ji ta cika da mai, rak ɗin ne yake yoyo, kuma sabuwar roba ba za ta tsayar da shi ba. Ka karanta murfin tankin kafin ka ƙara mai: tsofaffin Toyota man giya nau'in Dexron suke sha, Honda kuwa nata man daban ne, kuma zuba mata na giya yana ɓata robobin ciki. Corolla ƙirar Amurka daga 2009, da Camry daga 2012, da Accord daga 2013, sitiyarinsu na lantarki ne, ba su da tankin mai ko kaɗan, nauyinsu kuma sau da yawa daga batir ko caji yake farawa.

Idan rak ne za a canza a gareji, me zan sa wa ido?

A ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera yana kallon gaba kafin a raba sandarsa da rak. A bayan sitiyari akwai naɗaɗɗiyar waya mai faɗi da take kai wuta ga ham da jakar iska, kuma zagaye kaɗan take iya yi. Idan yaron gareji ya juya sitiyarin yana sake, za ta tsinke. Idan aikin zai kai ga cire sitiyarin kansa, a cire kan batir a jira minti uku kafin a taɓa jakar iska.

Na gama na mayar da taya. Me ya rage?

Tun kafin ka sauke motar, ka murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga babu abin da yake gogar wani, ka sake girgiza tayar, ka kai yatsa ka taɓa fil ɗin da notin kulle ɗaya bayan ɗaya. Ka sauke ta, ka ɗaure notocin taya a gicciye, ka zaga unguwa a hankali gilashi a buɗe kana saurare, daga nan ka wuce wurin saiti kai tsaye ba tare da ɗaukar iyali ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, misali zuwa Argungu da dawowa, ka sake bin notocin taya da sifana, ka leƙa notin kulle ka ga ko ya motsa daga inda mai saiti ya bar shi.